Ganye da saiwa da sassaƙe: suna warkarwa, kuma ana iya haɗa su da maganin asibiti?

Mai Neman Sani ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman ƙarin haske daga masu ilimi a cikinmu game da magungunan da ake samu daga tsirrai, wato ganye da saiwa da sassaƙe da 'ya'yan itatuwa, domin al'amarin ya daɗe yana damuna, kuma duk wanda na tambaya sai ya karkata ɓangare ɗaya. Wasu suna cewa duk abin da ya tsiro daga ƙasa ba ya cutarwa ko da bai yi magani ba, wasu kuma suna cewa maganin gargajiya camfi ne da ɓata lokaci, alhali kuwa na ga waɗanda suka sha jiƙo suka samu sauƙi, na kuma ji labarin waɗanda suka sha suka ƙare a gadon asibiti.

Abin da ya sa nake gaggawar neman amsa shi ne mahaifinmu yana da hawan jini, likita ya ɗora shi a kan ƙwaya guda kullum, amma tun da wani abokinsa ya ba shi shawara ya fara shan jiƙon soɓorodo safe da yamma yana kuma haɗiyar ɗanyar tafarnuwa, sai ya fara maganar ajiye ƙwayar gaba ɗaya, saboda a cewarsa jikinsa ya yi sakayau. Ba na son in raina abin da ya yarda da shi, ba na kuma son in zuba ido wani abu ya same shi. Ina so in sani ko akwai hujja tabbatacciya cewa tsirrai suna warkar da cuta, da yadda ake gane awon da ya kamata a sha, da kuma ko haɗa su da maganin asibiti yana da haɗari. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Masanin Haɗa Magunguna ya rubuta:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba Baba lafiya mai ɗorewa, ke kuma 'yar'uwa Allah ya saka miki a kan wannan kulawa.

Babu wanda ya karanta tarihin magunguna da zai musa cewa tsirrai suna warkarwa, domin da yawa daga cikin ƙwayoyin da muke ba marasa lafiya a yau daga jikin itace aka fara samo su. Kwinin, wanda ya ceci ɗimbin mutane daga zazzaɓin cizon sauro, daga ɓawon itacen sinkona na tsaunukan Kudancin Amurka ya fito. An riƙa shan garin ɓawon a Turai tun ƙarni na 17, sai a 1820 wasu masana biyu 'yan Faransa, Pelletier da Caventou, suka tace sinadarin shi kaɗai. Asfirin da kamfanin Bayer na Jamus ya haɗa a 1897 yana da asali a ɓawon wani itacen bakin ruwa da mutane suka daɗe suna jiƙawa don zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Ƙwayar metfomin da masu ciwon suga ke sha ita ma tushenta wani tsiro ne mai suna Galega officinalis.

Labarin da ya fi dacewa da tambayarki ta awo kuwa shi ne na wani likitan Ingila, William Withering. A 1775 aka nemi ra'ayinsa a kan wani haɗi da wata tsohuwa a yankin Shropshire take ba masu kumburin jiki, irin kumburin da ke zuwa idan zuciya ta raunana har ruwa ya taru a ƙafafu da ciki. Haɗin ya ƙunshi tsirrai 20 ko fiye, amma ya gane cewa guda ɗaya ne ke yin aikin, wani fure mai suna Digitalis purpurea. Ya shekara 10 yana gwada shi kafin ya wallafa abin da ya gano a 1785, kuma abin da ya cinye masa waɗannan shekarun shi ne neman awo: a wane lokaci za a tsinki ganyen, yaya za a busar da shi, nawa za a bayar, yaushe za a tsaya. Ya lura cewa idan an ba da daidai fitsari yana ƙaruwa kumburin ya sauka, idan kuwa an zarce ko da kaɗan ne sai amai ya taso, bugun zuciya ya ragu ƙwarai, mara lafiya ya riƙa ganin abubuwa sun koma rawaya ko kore, wani lokacin ma a rasa shi. Daga dangin wannan furen aka samo ƙwayar digoksin, wadda har yau ake yin ta da nauyin rubu'in miligiram ko rabin haka, saboda ratar da ke tsakanin awon da ke magani da awon da ke kisa 'yar ƙarama ce.

Ba kowane tsiro ne ke da wannan ƙuncin rata ba. Citta da na'a-na'a da soɓorodo suna da sassauci, mutum zai sha ya ɗan zarce ba tare da ya shiga hali ba. Matsalar da ta game su duka ita ce ƙarfin ganye ba ya tsayawa wuri guda: irin ƙasar da ya tsiro, da damina ce ko rani, da shekarun itacen, da sashen da aka ɗiba, da yadda aka shanya, duk suna canza yawan sinadarin da ke ciki. Cikin hannu ɗaya na wannan watan yana iya ninka cikin hannu ɗaya na wancan watan ƙarfi, alhali ido bai ga bambanci ba.

Game da soɓorodo, akwai gwaji mai kyau da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka aka wallafa a 2010. An ɗauki mutum 65 waɗanda jininsu ya ɗan hau, aka ba wasu kofi 3 na jiƙon kullum har mako 6, wasu kuma aka ba su wani abin sha mai kama da shi wanda babu furen a ciki. Lambar sama ta awon jinin masu shan soɓorodo ta sauka da kimanin maki 7, ta sauran kuwa da maki 1 da ɗoriya. Wannan sauka ce ta gaske, ba na raina ta. Amma a lura cewa mutanen nan hawan jininsu ƙarami ne, ba sa shan ƙwaya, kuma gwajin bai kai tsawon da za a ga ko jiƙon yana hana shanyewar ɓarin jiki ko lalacewar ƙoda ba, wanda shi ne ainihin dalilin da ya sa ake shan maganin hawan jini shekara da shekaru. Wanda jininsa ke kai 170 ya sauka zuwa 163, har yanzu yana nesa da 140 bisa 90 da ake so a kasance ƙasa da shi.

Jin sakayau a jiki ba hujja ba ce, domin mafi yawan masu hawan jini ba sa jin komai har sai ɓarna ta auku, kuma mai yiwuwa ne sauƙin da Baba ke ji aikin ƙwayar ne da yake shirin ajiyewa. Wasu ƙwayoyin ma idan aka yanke su rana ɗaya jinin yakan yi tsalle fiye da da. Shawarata ita ce a samu abin awon jini a gida, ya zauna ya huta minti 5 kafin a auna, safe da dare, ki riƙa rubutawa a littafi tare da lokacin da ya sha jiƙon, sannan ku kai wa likitansa littafin ku faɗa masa komai. Idan lambobin sun nuna jinin yana sauka sosai, ko yana jin jiri idan ya miƙe, likitan ne zai rage ƙwayar da saninsa. Tafarnuwa kuma tasirinta a kan hawan jini kaɗan ne, amma tana iya ƙara tsinka jini ga mai shan asfirin ko wafarin, ƙwayar da ke hana jini daskarewa. Ki kuma kula kada a saka masa saiwar irƙus-sus mai zaƙin nan a cikin wani haɗi, domin ita ɗaga jini take yi, ta kuma zubar da sinadarin fotashiyam daga jiki.

Magajin Mai Magani ya rubuta:

Assalamu alaikum. 'Yata, Allah ya ba mahaifinki lafiya. Na goyi bayan Malam a kan kada a ajiye ƙwayar, kuma ina faɗin haka ne a matsayin wanda ya gaji wannan sana'a daga mahaifinsa ya kuma tsufa a cikinta. Hawan jini ba ya cikin cututtukan da magabatanmu suke ganewa da ido ko da taɓi, sai da abin awo ya zo, saboda haka duk mai maganin da ya ce a jefar da ƙwaya ba tare da ya auna jinin ba yana magana ne a kan abin da bai gani ba.

Sai dai ina da abin da zan ƙara a kan jawabin Malam. Wanda ya karanta shi zai iya ɗauka cewa masu maganin gargajiya ba su san awo ba, alhali kuwa awo shi ne farkon abin da ake koya wa mai koyo tun kafin a bar shi ya taɓa saiwa mai ƙarfi. Ana koya masa ya dubi shekarun mara lafiya da ƙarfin jikinsa, ya fara da kaɗan, ya jira ya ga yadda jiki ya karɓa, kada kuma ya ba mai ciki ko jariri abin da yake ba ƙarti. Mahaifina idan ya jiƙa sassaƙen maɗaci yakan ɗaga ƙoƙon ya duba ruwan a haske, ya ɗanɗana da kan harshe, idan ya ga jan ya yi duhu ko ɗacin ya wuce yadda ya saba sai ya ƙara ruwa kafin ya miƙa. Na yarda wannan bai kai ma'aunin ɗakin bincike ba, kuma ina fatan masana su zo su auna mana, amma ilimi ne da aka tara da kallo na tsawon zamani. Abin da ya lalace a yau shi ne zaman koyo na shekaru a gaban babba. Mutum zai ji sunan ganye a waya da safe, kafin magariba ya fara sayarwa.

Tsirran da na fi amincewa da su kowanne aikinsa ɗaya ne ko biyu, kuma yana da iyaka. Filasko yana sakin cikin da ya ɗaure, a sha da dare ya yi aiki da safe, tsakanin awa 6 zuwa 12, amma yana murɗa ciki, kuma wanda ya mayar da shi na kullum da sunan wankin ciki zai wayi gari hanjinsa ya saba da shi, jikinsa ya yi rauni saboda ruwa da gishirin da yake zubarwa. Ba a ba mai ciki shi da ka, ba a kuma ba wanda cikinsa ya kumbura yana ciwo mai tsanani tare da amai, domin wannan yana iya zama toshewar hanji, kuma tura shi da ƙarfi ɓarna ce. Bagaruwa tana da bauri mai tsuke nama, shi ya sa ake kurkure baki da ita idan dasashi yana jini, ake kuma wanke ƙaramin rauni. Kanumfari yana kashe zafin haƙori, har likitocin haƙori suna amfani da sinadarin da ke cikin mansa, amma kogon haƙorin yana nan yana ci sai an cike ko an cire. Citta tana kwantar da tashin zuciya. Duk wanda ya ce miki kwalba ɗaya tana maganin suga da hawan jini da basur da rashin haihuwa a lokaci guda, ya kuma ƙi faɗin abin da ke ciki, ki rabu da shi.

Akwai kuma waɗanda ba ma barin mai koyo ya kusance su. 'Ya'yan zaƙami suna busar da maƙogwaro, su buɗe ƙwayar ido, su gusar da hankali, kuma an rasa rayuka a kansu. Nonon tumfafiya idan ya shiga ido yana iya dusashe gani. Man zurma ana shan kaɗan don sakin ciki, amma 'ya'yansa idan aka tauna guba ne mai kisa. Duk waɗannan daga ƙasa suka tsiro, saboda haka maganar cewa abin da ya tsiro ba ya cutarwa ba ta mai magani ba ce.

Wani abu ya taɓa ni a labarin likitan Ingilan nan. Sunansa ya shiga littattafai, tsohuwar da ta riƙe haɗin kuwa ko sunanta bai rubuta ba. Irin wannan na daga cikin abin da ke sa masu magani ɓoye sirrin haɗinsu idan masu bincike suka zo, kuma ɓoyewar tana cutar da kowa, domin haɗin da ba a sani ba ba za a iya gwada shi ba.

Malamar Jinya ta rubuta:

Salamu alaikum. Ina gaida Baba Magaji da Malam, jawabanku sun gamsar. Ni zan yi magana ne a kan abin da ke iso mana a ɗakin marasa lafiya, kuma mafi yawan ɓarnar da nake gani jinkiri ne ya jawo ta fiye da ganyen kansa.

Zazzaɓin yara shi ne babban misali, kuma ina jin mutane suna kafa hujja da cewa maganin zazzaɓin cizon sauro na asibiti ai daga dangin tazargade aka samo shi. Wannan gaskiya ne, kuma labarin abin alfahari ne ga masu maganin gargajiya. A 1967 gwamnatin Sin ta kafa shirin neman sabon maganin wannan zazzaɓi, wata mai bincike mai suna Tu Youyou da abokan aikinta suka tattara haɗe-haɗen gargajiya fiye da 2,000. Ganyen Artemisia annua yana yi musu aiki yau ya ƙi gobe, har sai da ta koma ga rubutun wani masani na ƙarni na 4, Ge Hong, wanda ya ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse a sha, bai ambaci tafasawa ba. Daga nan ta gane zafi ne ke lalata sinadarin, ta tace shi ba tare da zafi mai yawa ba a 1971, aka samu sinadarin tsantsa, wato atemisinin, a 1972, ita kuma aka ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015. Amma wannan dangin tsirrai nau'insa ya kai ɗaruruwa, ba kowanne ne ke ɗauke da sinadarin yadda zai isa ba, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce ba ta goyon bayan shan ganyen don magani ko rigakafin zazzaɓin. Dalilinta shi ne abin da ke cikin jiƙon ba shi da tabbas, yana iya kwantar da zafin jiki ya bar ƙwayar cutar da rai, kuma ƙwayar da ta saba da awo kaɗan takan koyi jurewa. An riga an ga alamun wannan jurewar a Kambodiya, daga baya a Ruwanda da Yuganda. Yaron da jikinsa ya yi zafi a gwada jininsa cikin awa 24. Idan ya fara suma, ko ya kasa shan nono, ko yana amai ba tsayawa, ba lokacin jiƙo ba ne. Haka mai gudawa, abin da ke kashe shi ƙarewar ruwan jiki ne, don haka ruwan gishiri da suga da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14 su ne kan gaba. Man darbejiya kuma kada a ɗura wa jariri ko kaɗan, domin a Indiya da Maleshiya likitoci sun rubuta yadda ya jawo wa jarirai amai da jijjiga da fita hayyaci.

Haɗa magani biyu shi ma yana da haɗarin da ba a gani da ido. Akwai wani fure mai suna Hypericum perforatum da ake sha a Turai da Amurka don damuwa, kuma yana ɗan taimakawa, sai dai yana sa hanta ta riƙa fitar da wasu magunguna daga jini da sauri. A 2000 likitoci a Suwizalan suka ba da rahoton mutum biyu da aka yi wa dashen zuciya, jikinsu ya fara ƙin zuciyar saboda furen ya raunana maganin da ke kare ta. Yana raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa da wasu magungunan cuta mai karya garkuwar jiki ta wannan hanyar. A Beljiyam kuma, a farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 suka samu lalacewar ƙoda bayan shan wani haɗin rage ƙiba wanda aka saka wa saiwar Aristolochia a maimakon wata saiwar daban da sunayensu suka yi kama. Da yawa sun koma wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma daga baya suka kamu da sankarar hanyar fitsari.

Roƙona shi ne a riƙa faɗa mana abin da aka sha. Sau da yawa uwa za ta ce ba ta ba yaro komai ba, sai da dare idan an natsu ta kwance bakin zaninta ta fito da 'yar roba mai baƙin ruwa, babu rubutu a jikinta, ita kanta ba ta san abin da ke ciki ba. Ba ita kaɗai nake zargi ba, domin faɗan da wasu ma'aikatanmu ke yi wa marasa lafiya shi ya koya musu ɓoyewa, kuma wannan hali ne da ya kamata mu bari. Wanda za a yi wa tiyata ma ya faɗa tun da wuri, domin yawanci ana so a dakatar da irin waɗannan magunguna mako 2 kafin aikin.

Mai Neman Sani ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara muku ilimi. Zan fara rubuta awon jinin kamar yadda Malam ya ce. Akwai sauran abu guda: magungunan tsirrai da ake zubawa a kwalba ko a yi su ƙwaya-ƙwaya da takarda a jiki, shin sun fi ɗanyen ganye aminci? Idan kuma mutum ya zaɓi ya ajiye ganyen da kansa, Baba Magaji, yaya zai yi kada ya lalace?

Masanin Haɗa Magunguna ya rubuta:

Kwalba da takarda ba sa tabbatar da komai su kaɗai, 'yar'uwa. A 2004 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta wallafa binciken da aka yi a kan magungunan gargajiyar Indiya guda 70 da aka saya a shagunan yankin Boston, aka samu dalma ko zaiba ko gubar arsenik a cikin 14. Hukumomin ƙasashe da dama kuma sun sha kama haɗe-haɗen da aka rubuta musu tsirrai zalla alhali an daka ƙwayoyin asibiti a ciki, musamman masu kashe ciwon gaɓoɓi da na ƙarfin maza. Idan maganin ganye ya ɗauke ciwon gwiwa na shekaru a dare ɗaya, bayan 'yan watanni kuma fuska ta cika ta yi fam, suga ya hau, fata ta yi laushi tana tsagewa, to a yi zargin an saka masa irin su deksametason, ƙwayar asibiti mai ƙarfi ta kashe kumburi. Kada kuma a yanke shi farat ɗaya, a je wurin likita ya janye shi a hankali. Abin da za ki duba shi ne lambar rajistar hukumar kula da magunguna ta ƙasarki, da cikakken sunan kowane tsiro da sashen da aka yi amfani da shi, da nauyinsa, da ranar ƙarewa, da adireshin wanda ya haɗa. Ko rajistar ma a wurare da yawa shaida ce ta tsabta da rashin guba, ba ta kai shaidar warkarwa ba.

Baba Magaji, maganarku a kan tsohuwar nan gaskiya ce, kuma duniya ta makara wajen gyara. Sai a 2010 aka ƙulla yarjejeniyar Nagoya a Japan, wadda ta fara aiki a 2014, ta wajabta neman izini da raba amfani da al'ummar da aka ɗauki tsironta ko iliminta. Ina kuma roƙon masu magani su yarda a gwada, domin sai an gwada akan san na ƙwarai, wani lokaci ma gwajin yakan tono abin da ya fi wanda ake nema. Furen Catharanthus roseus, ɗan asalin Madagaska, ana shan ganyensa a Jamaika don ciwon suga. Masu bincike biyu a Kanada, Noble da Beer, suka gwada shi ba su ga ya sauke suga yadda ake faɗa ba, amma suka ga yana rage fararen ƙwayoyin jini, daga nan aka samu maganin sankara mai suna binbilastin a 1958, sannan binkiristin wanda har yau ake yi wa yara masu sankarar jini magani da shi.

Magajin Mai Magani ya rubuta:

'Yata, ajiya tana farawa ne tun daga ɗiba. Kada ki ɗebi ganye a bakin babbar hanya, ko kusa da magudanar ruwan datti, ko a gonar da aka yi wa feshi, kuma kada ki ɗebi abin da ba ki tabbatar da shi ba sai wanda ya san shi ya gani da idonsa. Idan sassaƙe ne, a yanki tsiri ɗaya a tsaye a gefe guda, domin wanda ya zagaye gindin itace da wuƙa ya kashe shi, kuma haka aka ƙarar da itatuwan magani a wurare da yawa.

Ganye da fure a inuwa ake shanya su, inda iska ke ratsawa, a baza su shara-shara a kan abin da ya ɗaga daga ƙasa, a riƙa juyawa har sai ganyen ya karye idan an murza, saiwa kuma ta ɓalle da ƙara idan an lanƙwasa. A yanka saiwa ƙanana kafin shanya, in ba haka ba bayanta zai bushe cikinta yana da laima. Bayan nan a zuba a kwalba mai murfi, a rubuta suna da watan da aka ɗiba, a ajiye nesa da rana da turirin girki. Kada a daka sai lokacin buƙata, domin gari ya fi saurin rasa ƙarfi. Ganyen da ya haura shekara, ko ya koɗe ya rasa ƙamshinsa, a sake sabo. Saiwa da sassaƙe sukan fi haka daɗewa. Wanda ya yi fumfuna kuwa a zubar da shi gaba ɗaya, kada a ce za a wanke ko a tafasa, domin gubar da wasu nau'in fumfuna ke bari tana lalata hanta kuma tafasawa ba ta kashe ta. Jiƙo kuma a yi na yini ɗaya da ruwa mai tsabta. Idan ya kwana a wuri mai zafi ya fara kumfa ko tsami, a zubar a jiƙa wani.